'Yar Sarki Ta Ƙi Nutsewa

Litinin, 13 ga Nuwamba, da yamma

Ba a yi zaman ba. Yau ne ya kamata matan ƙungiyarmu su ɗaga hannu a kan Unsil, ko a karɓe ta ta zama mai nutso kamar mu, ko a ce ta ƙara jira. Shekara biyu ke nan 'yar nan tawa tana ɗaukar mana raga, tana hura wuta, tana wanke rigunan roba na tsofaffin da ko sannu ba sa ce mata, tun da ta dawo daga birnin Busan da akwati ɗaya babu miji. In mace ɗaya ta ce a'a, magana ta mutu. Haka na tarar ana yi.

An tsinci kunkurun teku a ruwan maƙwabtanmu mutanen ƙauyen Gabas, bayan Dutsen Hankaka, yana yawo a sama kamar gora. Na rubuta kunkuru ne don haka likitar da ta zo ɗauka ta ce. 'Yar Sarki ce, autar Sarkin Teku, ko yaron goye ya san wannan. Unsil suka gani a cikin ruwa har wuya, da kayan zaman gida a jikinta, ta tallabe mata kai kada ta shaƙi ruwa. Malsun, shugabar matan Gabas, ta sunkuya ta sansana bakin 'Yar Sarki ta ce giyar shinkafa take ji. Daga nan suka biyo gaɓa, suka ga inda aka ja abu mai nauyi a kan yashinmu har bakin ruwa.

Abin da teku ya ajiye a gaɓarku naku ne, mai rai ko gawa. Ku yi jinya ko ku yi jana'iza, amma ba a tura wa maƙwabci. Kakata ta ce a zamaninsu ko gawar baƙon da ba a sani ba ba a yi wa haka.

Yaya Okryon, shugabarmu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta tambaya wa ya yi. Unsil tana karkarwa a cikin bargon wani, leɓenta ya yi baƙi.

"Ni ce, Gwaggo," in ji ta.

Ina tsaye a wurin. Takalmana a jiƙe suke tun asuba, ba wanda ya dubi ƙafata.

Talata, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Iska, ba a shiga ruwa ba. Na ɗauraye kwalbar na cusa ta ƙarƙashin sauran.

Laraba, 15 ga Nuwamba, da yamma

Yaya Okryon ta yanke. An ɗage maganar Unsil sai an ga yadda ta ƙare da 'Yar Sarki. Kullum za ta hau mota ta je wurin da ake jinyarta, ta yi duk aikin da aka sa ta. In 'Yar Sarki ta tashi, a sake zama. In ba ta tashi ba, nan Yaya ta tsaya ta kurɓi shayinta, ba ta ƙarasa ba.

A ɗakin canja kaya bakin mata bai huta ba. Wai ai dama 'yar birni, wadda ta saba share dattin ƙofarta zuwa ƙofar wani. Wata ta ce wa ma ya koya mata zuba giya, wata ta ce a talabijin ta gani. Suka yi dariya. Ni da aka sani da baki, ni da na taɓa jefa wa mai sayen dodon-koɗi sikelinsa a ruwa don ya tauye mana awo, na zauna ina gyaran ragar da ba ta yage ba. Ɗaya ta dafa ni ta ce, "Yi haƙuri, Bahaguwa, ba ke kika yi ba." Na ci gaba da ɗinki.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, da almuru

Na bi Unsil yau. Na ce mata zan je asibitin ido ne a hanya, ta ce to, ba ta tambaye ni yaushe idona ya fara ciwo ba.

Wurin wani dogon ɗaki ne mai warin magani, da manyan robobi shuɗɗa. Likita Pyo yarinya ce, ba ta kai Unsil ba, gashinta a aske kamar na ɗan makaranta, amma hannunta ya san aiki. 'Yar Sarki tana kwance a kan jiƙaƙƙen tawul, ba a sa ta a ruwa ba tukuna. Girmanta bai wuce murfin babbar tukunya ba. Na ɗauka ta fi haka. Idonta ya faɗa, wuyanta duk fata, sun shafe mata baya da mai kada ya bushe. Likita ta ce sanyi ne ya kama ta tun farko, ya kamata a ce ta bi ruwan ɗumi ta yi kudu tuntuni, kuma akwai leda a cikinta. Wai a hankali ake ɗumama su, in aka yi gaggawa zuciya ta tsaya.

Sai ta nuna mana hoton huhu, gefe ɗaya ya yi fari kamar an zuba madara. Ta tambayi Unsil yawan giyar da aka ba ta, da yadda aka riƙe kan. Unsil ta ce kaɗan ne, kamar cokali biyu.

"Rabin kwalba," na ji bakina ya faɗa. "An ɗaga kan sama."

Likita ta dube ni. Na ce ai haka ake yi, kowa ya sani, ba sai mutum yana wurin ba. Na hau faɗa ma. Na ce uwata ta shayar da su, kakata ta shayar da su, baƙuwa ce daga gidan sarki, ba a sallamarta da busasshen maƙogwaro, kuma duk sun tafi suna iyo lafiya lau. Yarinyar ba ta yi musu ba. Ta ce waɗancan masu lafiya ne da suka faɗa koma, suna iya tofarwa. Wannan kuwa sanyi ya riga ya kashe mata maƙogwaro, abin da aka zuba bai bi hanyar ciki ba.

A mota Unsil ta jingina da taga ta rufe ido. Na san ba barci take yi ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, da rana

Unsil tari take yi tun ranar da ta shiga ruwan. Na dafa mata miyar ciyawar teku da nama, irin wadda na sha wata guda da na haife ta. Ta sha rabi ta ce gishiri ya yi yawa. Gishiri bai yi yawa ba.

Talata, 21 ga Nuwamba, da yamma

An shiga ruwa yau, na cika raga kafin kowa. Shekara hamsin ina wannan, ƙirjina bai taɓa ba ni kunya ba, amma yau da na kai ƙasa sai na ji ina sauri kamar wadda ta shiga gonar wani. Ban tsaya jin wuta ba, na dawo gida.

Farin ƙyallen da ke hannun 'Yar Sarki ne ke damuna. Ba wanda ya ambace shi, ko a Gabas ko a nan. Ruwa ya tafi da shi, ina ga.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, da almuru

An sa 'Yar Sarki a ruwa. Ba ta nutsewa. Kai ya yi ƙasa, hannuwa suna ta fama, amma baya ya ƙi, ya tsaya a sama ta gefe guda kamar kwanon da aka jefa a rijiya. Ta yi ta yi, ta gaji, ta ɗago ta ja numfashi da wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Duk mai nutso ta san wannan abin, ranar da kika manta ɗamarar dalma a gida kina ganin ƙasa amma ba ki isa ba.

Na ce wa likita a yanko dalma daga ɗamarata a manna mata. Ta ce a'a, Gwaggo, iska ce a cikinta saboda ciwo, in aka ja ta ƙasa da ƙarfi ba ta da ƙarfin tasowa, a ruwan za ta mutu. Sau biyu ke nan ina kawo abin da na sani.

Ba ta ci da kanta. Da siririn bututu ake ɗura mata kifin da aka niƙa, Unsil ce ke riƙe kan. Allura kowace safiya a gindin hannu. Sauran lokacin Unsil tana goge roba, tana tace ruwa, tana tone kashin 'Yar Sarki da tsinke a ga ko leda ta fara fitowa. Yau an sami wani ɗan yanki ja, suka yi ta murna ita da likita kamar an haifi ɗa namiji.

Da na matso, 'Yar Sarki ta juya kai ta fuskanci bango. Likita ta ce kowa ma haka take yi masa. Ban ga ta yi wa Unsil ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba, da yamma

Na haɗu da Malsun a kasuwa. Tare muka koyi nutso muna yara, kafin ta yi aure Gabas ta fara ɗaga hanci. Na so in bi bayan masu kifi, ta kira ni da ƙarfi. Ta zuba mini lemo a jaka ba tare da na tambaya ba, ta ce na ji kullum kina bin yarinya wurin jinya, ba kowace uwa ce za ta ɗauki kunyar 'yarta haka ba. Sai ta kama hannuna na hagu ta juya shi ta ce har yanzu dai da ƙarfinsa.

Lemon yana kan tebur. Ba zan iya ci ba, kuma ba zan iya zubarwa ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba, da sassafe

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ranar, da asuba, na fita ne in jefa wa teku shinkafa saboda Unsil, da kwalba a hannu, kamar yadda uwa take yi ranar da za a yi maganar 'yarta. Na tarar da 'Yar Sarki kwance a yashinmu, ba motsi sai ido. Na ga mutuwa ce. Na tuna fuskokin matan nan, na san abin da za su ce: a ranar da za a karɓi 'yar Bahaguwa, Sarkin Teku ya aiko mana da gawar 'yarsa. Ba wadda za ta ɗaga hannu bayan wannan, ko bana ko baɗi. Na shayar da ita. Na yagi farin ƙyalle na ɗaura mata a hannu kamar yadda ake yi wa wadda ta riga ta tafi, alhali tana kallona. Na ja ta a kan yashi na tura ta cikin teku. Ruwa yana janyewa ya nufi gabas. Na san inda zai kai ta, ba wanda ya fi ni sanin ruwan nan.

Na dawo ta bayan gonaki. Ban waiwaya wajen katanga ba, da na ga Unsil tsaye.

Don ita na yi. Ina ta faɗa wa kaina haka, kuma gaskiya ne, kuma ba ya rage komai.

Laraba, 29 ga Nuwamba, da yamma

'Yar Sarki ta karɓi ganyen ciyawa daga hannun Unsil. Guda ɗaya.

Asabar, 2 ga Disamba, da yamma

Ta ci jatan lande, ta ciji tsinken likita. Unsil ta dawo tana waƙa a ƙasa-ƙasa, ta gasa mana dankali. Na ce a raina shi ke nan, za ta tashi, za a karɓi yarinya, magana ta bi ruwa, ba sai kowa ya ce komai ba. Na ji daɗi har na ƙara shinkafa. Ga irin matar da nake.

Talata, 5 ga Disamba, da almuru

Ta daina ci. An fitar da ita daga ruwa, an mayar da ita kan tawul. Kumfa a hanci.

Alhamis, 7 ga Disamba, da yamma

An canja magani. Likita Pyo ba ta yi mini wasa yau ba, ta ce huhun ne, sauran duk da sauƙi. Na zauna a kan bokiti ina jiƙa wa 'Yar Sarki ido da auduga. Na ce mata a hankali ta yafe mini, sai na ga ashe ita ce mai sauƙin roƙo, tunda ba za ta amsa ba.

Juma'a, 8 ga Disamba, da rana

Akwatin ya sauko daga kan kabad. Shi ne dai wanda Unsil ta zo da shi, da igiya a maimakon hannu. Ta ce wata ƙawarta ta samo mata aikin wanke-wanke a gidan abinci a Busan, jirgin Laraba. In 'Yar Sarki ta mutu ba ta son tana nan, in ma ta rayu ba ta ga yadda za ta zauna da matan da suka kira ta abin da suka kira ta ba.

Tana naɗe kaya ina tsaye a ƙofa. Kusan wata guda muna cin abinci a tebur ɗaya da wannan abin a tsakiya. Na buɗe baki, kuma ko a nan faɗa ne ya fito. Na ce wa ya aike ta, wa ya ce ta buɗe baki a gaban mutane.

Ba ta ɗago ba. "Inna, ke in aka hana ki ruwa mutuwa za ki yi. Ni na saba a kore ni."

Na fita na zauna a bayan katanga wajen tulunan miya. Na haifi yarinyar nan a ranar da na fito daga ruwa da nakuda, na yi alfahari da wannan labari shekara talatin da takwas. Kunya ta kama ni.

Asabar, 9 ga Disamba, da hantsi

Na je ƙofar Yaya Okryon, na tsaya, na tambaye ta ko tana da barkono.

Lahadi, 10 ga Disamba, da yamma

Na koma. Na ce ta tara mata gobe, har da na Gabas, ina da magana. Ba ta tambayi wace magana ba. Ta ce ta riga ta sayi shayi.

Litinin, 11 ga Disamba, da almuru

An cika ɗakin, namu a gefen wuta, na Gabas a gefen ƙofa. Unsil can baya inda take zama kullum, kusa da bokitai. Na shirya magana mai tsawo, da dalili, da tarihin uwata. Da na miƙe duk ta gudu. Na ce ni na shayar da ita, ni na ja ta, ni na tura ta Gabas da ranta, yarinyar nan bina ta yi ta shiga ruwa.

Na jira ɗakin ya tashi. Ba wadda ta motsa. Wata ma tana ɓare lemo, ba ta tsaya ba.

Malsun ta sa hannu a aljihu ta fito da ƙyallen ta ajiye a kan tabarma. Ba kwance shi ta yi ba, yanka shi ta yi da wuƙa, ƙullin yana nan yadda na yi shi. Ta ce tun muna 'yan shekara goma sha biyu take fama da ƙullin nan nawa mai komawa baya, duk gaɓar nan mace ɗaya ce ke ɗaure abu ta hagu. Tun kafin motar likita ta iso ta nuna wa Yaya Okryon, kafin rana ta faɗi kowa ya gani.

Kowa. Wadda ta dafa ni ta ce ba ni na yi ba, ta sani. Waɗanda suka yi ta zagin 'yar birni a kunnena, da gangan suke yi, wai ko zuciyar uwa za ta motsa. Na zauna a cikinsu ina ɗinkin raga.

"Yarinyar da ta faɗa ruwan sanyi da rigar gida, ta kuma rufa wa uwarta asiri, me za mu tsaya tunani a kanta?" in ji Yaya Okryon. "Ba ita muke jira ba, Gyewol. Ke muke jira."

Rabon da a kira ni da sunana na yanka a ɗakin nan har na manta. Ta ce da Laraba ta yi ban yi magana ba, da su da kansu za su tare Unsil a tashar jirgi, ni kuma su ajiye mini gorana na nutso a waje.

Aka ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, ban iya ɗago kai ba, amma na ji Unsil tana kuka a baya, wata tsohuwa tana ce mata ta yi haƙuri da bakinsu, dole ce ta sa. Unsil ta ce ba ta yafe ba tukuna. Suka yi dariya, suka ce ta zama tasu.

Nawa hukuncin Malsun aka bar wa, tunda ruwansu na ɓata. Ba ta nemi mu bar musu dutsen da muke nutso ba, ba ta nemi komai na ƙauyenmu ba. Ta ce ba zan sa ƙafa a teku ba sai ranar da 'Yar Sarki ta koma gidan ubanta. Wata daga namu ta tambaya, in ba ta koma ba fa. Malsun ta naɗe ƙyallen ta miƙo mini.

Laraba, 13 ga Disamba, da yamma

Jirgi ya tashi. Akwatin yana kan kabad. Ba mu yi magana sosai ba, amma ta cinye miyar.

Litinin, 18 ga Disamba, da yamma

Ruwa ya kwanta, an shiga. Na ba Unsil gorana, ta ƙi, ta ce nata ya ishe ta, nawa ya jira mai shi. Ni na hura wuta, ni na jera takalma, ni na tafasa ruwa. Na tsaya a kan duwatsu ina sauraron fiton da kowacce ke yi in ta taso. Na san na kowa. Akwai sabo a cikinsu, gajere, mai gaggawa, tana tasowa da wuri. Haka ake so a farko.

Da suka fito ragarta ko rabi ba ta kai ba. Ta jawo ta bakin dutse ta dube ni ta cikin gilashin nutso ta ce, "Inna, ɗauki mana, me kike kallo?" Matan suka kwashe da dariya. Na saɓa a baya na hau da ita, a gaban kowa, kamar yadda ta yi mini shekara biyu.

Likita Pyo ta bugo waya muna jin wuta. An mayar da 'Yar Sarki ruwa shekaranjiya, ta ci kifi. Yau ta kai ƙasan roba, ta taɓa da haɓa, sai bayan ya sake ɗago ta a karkace. Na tambaya ko za ta koma teku in ruwa ya yi ɗumi. Ta ce ba ta sani ba, Gwaggo, wasu suna komawa, wasu a roba suke tsufa.

Gobe da motar farko zan tafi. Wankin robar ya dawo kaina.